Yaro a Kujerar Matuƙi: Ko Ya Dace a Bar Yara Su Sa Hannu a Aikin Jirgin Sama?

A ranar 16 ga Fabrairu, 2010, matuƙan jiragen da ke jiran izinin tashi a filin jirgin sama na John F. Kennedy da ke birnin Niyok a ƙasar Amurka suka ji wata murya da ba su saba ji ba tana fitowa daga hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage. Murya ce ta ƙaramin yaro, ga shi kuwa yana ba manyan jirage cike da fasinjoji izinin tashi, ɗaya bayan ɗaya. Ashe wani jami'in hasumiyar ne ya zo wurin aiki da ɗansa saboda an ba da hutun makaranta, ya miƙa masa abin magana yana faɗa masa abin da zai ce. Washegari kuma ya zo da 'yarsa, ita ma ta yi. Matuƙan ba su ga laifin abin ba, har wasu suka yaba wa yaron. Amma da faifan maganar ya bazu a farkon watan Maris, sai Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Amurka, wato FAA, ta dakatar da jami'in tare da shugabansa, ta kuma hana kai baƙi hasumiyoyinta.

Nan fa gardama ta kaure. Masu kare jami'in, cikinsu har da ƙwararrun matuƙa, suka ce ai babu jirgin da ya ko girgiza. Uban yana tsaye a gefen yaron, kunnensa na kan layi, kuma kalmomin da yaron ya furta ba su wuce waɗanda aku ma zai iya haddacewa ba. Suka ƙara da cewa ai haka ake koyar da sabon jami'i: yana magana da jirage na gaske, malaminsa na tsaye a bayansa. Wannan hujja ba baƙuwa ba ce a gare mu, domin da ita muka tashi. Ɗan maƙeri a gindin zugazugi yake fara sana'a tun bai san ciwon kansa ba, ɗan su kuwa a cikin kwalekwalen ubansa yake buɗe ido. In ba a bar yaro ya taɓa ba, yaushe zai iya?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma ilimin halittu yana da abin faɗa a kanta. Sai dai kafin mu shiga cikin jikin ɗan Adam, ya kamata mai karatu ya ji labarin wani dare da irin wannan wasa bai ƙare da dariya ba.

Daren 23 ga Maris, 1994

Jirgin kamfanin Aeroflot na Rasha mai lamba 593, ƙirar Airbus A310, ya tashi daga Masko zuwa Hong Kong ɗauke da mutum 75, wato fasinjoji 63 da ma'aikata 12. Cikin tsakiyar dare, yana tafe a sararin Saiberiya a tsayin da ya ɗan haura mita 10,000, babban matuƙin ya tafi hutawa, ya bar mai karɓarsa da mataimakinsu a ɗakin tuƙi. Shi mai karɓar nan yana tafe da 'ya'yansa biyu, mace da namiji, babban cikinsu bai wuce shekara 16 ba. Wani matuƙin kamfanin da ke tafiya a matsayin fasinja ya rako su ɗakin tuƙi don su ga inda babansu ke aiki.

A wannan lokaci jirgin yana hannun na'urar nan mai tuƙi da kanta. Uban ya tashi ya zaunar da 'yarsa a kujerarsa, ta riƙe sitiyari, shi kuma ya riƙa murɗa wani maɓalli na na'urar a hankali har jirgin ya ɗan karkata, don yarinyar ta ɗauka ita ce ke juya shi. Aka yi murna, ta sauka, yayanta ya hau. To, shi da yake ya fi ta ƙarfi, sai ya riƙe sitiyarin da gaske, yana ja inda na'urar ba ta nufa ba, har na tsawon kusan daƙiƙa 30. An ƙera wannan jirgi ne ta yadda idan mutum ya yi ta ja da na'urar haka, sai ta sakar masa ƙananan marafan nan na gefen fukafukai da ke karkatar da jirgi dama ko hagu, ta ci gaba da riƙe sauran ayyukan. Haka kuwa ta yi. Ba ta yi ƙara ba, wata 'yar fitila ce kawai ta kama, kuma matuƙan, waɗanda suka saba da jiragen ƙirar Tarayyar Sobiyat masu yin kuwwa a irin wannan hali, ba su lura da ita ba.

Jirgi ya fara kwantawa dama sannu a hankali. Abin mamaki, yaron ne ma ya fara gani, ya tambayi babansa dalilin da ya sa jirgin ke juyawa. Ƙwararrun matuƙa uku suka tsaya suna kallon allo suna shawarar ko wata hanya ce na'urar ta ɗauka, suka ɓata daƙiƙu kamar tara a kan haka. Kafin su farga karkatar ta wuce digiri 45, ta doshi 90. Daga nan sai dokar kimiyyar lissafin motsi ta karɓi ragama. Jirgin da ke juyawa a karkace yakan danne duk wanda ke cikinsa: a digiri 60 nauyin mutum yakan ninka sau biyu, wato mai kilo 70 ya ji kansa kamar mai kilo 140. Saboda haka yaron ya kasa tashi daga kujera, uban da ke tsaye ya kasa zama a kanta, sai ihu yake yi masa yana ba shi umarni da kalmomin matuƙa waɗanda yaron bai san ma'anarsu ba. Jirgin ya rikito, mataimakin matuƙin ya ɗago shi har ya wuce ƙima ya miƙe sama, iska ta kasa riƙe fukafukansa, ya sake faɗowa yana wulwulawa. A ƙarshe uban ya koma kujerarsa, har sun kusa daidaita jirgin, amma sararin da ke ƙarƙashinsu ya riga ya ƙare. Ya daki duwatsun Kuznetsk Alatau a yankin Kemerovo, babu wanda ya tsira.

Masu bincike ba su sami wata matsala a injinan jirgin ba. Baƙin akwatin naɗar magana shi ya tona komai, kuma wata mujalla ta birnin Masko ta buga abin da ya ƙunsa a watan Satumba na wannan shekara. Binciken ya nuna cewa da a ce sun saki sitiyarin tun da wuri, da jirgin ya daidaita kansa.

Me ya hana su ji a jikinsu?

Ɗalibi mai lura zai yi tambaya a nan: yaya za a yi jirgi ya kwanta gefe guda, mutum biyar na cikin ɗaki, a ce babu wanda ya ji a jikinsa? Amsar tana can cikin kunne. Bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa kamar zobe, kowanne na fuskantar nasa ɓangaren, cike da wani ruwa. A gindin kowane bututu akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gashi. Idan mutum ya juya kansa, bututun kan juya tare da kan, ruwan kuwa ya ɗan yi nawa, sai ya tanƙwara gashin nan, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta jijiya cewa ana juyawa.

Wannan na'ura ta jiki tana da iyaka biyu. Ta farko, idan juyin ya yi sanyi ƙwarai, ƙasa da kimanin digiri 2 a daƙiƙa guda, ruwan ba ya motsa gashin yadda za a ji. Ta biyu, idan juyin ya ɗore na daƙiƙa 15 zuwa 20 ba tare da ya ƙaru ko ya ragu ba, ruwan kan kamo bututun su tafi tare, gashin ya miƙe, ƙwaƙwalwa ta ɗauka an tsaya cak. A ƙasa wannan ba ya damun kowa, domin ido na ganin bango da itatuwa, ƙafa na jin daɓe. A sama kuwa cikin duhun dare babu abin da ido zai kama, kuma jirgin da ke juyawa yakan danna mutum ne cikin kujerarsa, ba ya wurga shi gefe kamar yadda mota ke yi a kwana. Saboda haka jiki sai ya yi ta rantsuwa cewa komai na daidai alhali jirgi na kwance.

Malaman kimiyya za su iya nuna wa ɗalibai wannan a aji da kujerar ofis mai juyawa. A zaunar da ɗalibi, a ɗaure masa ido da ƙyalle, a riƙa juya kujerar a hankali da gudu iri ɗaya, a ce ya nuna da babban yatsa inda yake jin ana juya shi. Bayan ɗan lokaci zai ce an tsaya, alhali ana kan juyi; in an tsayar da shi kuma, sai ya ce ana juya shi ɗaya gefen. A dai riƙe shi kada ya faɗi. Irin wannan kujera da sunan Robert Bárány ake kiranta, likitan kunnen nan na ƙasar Ostiriya da ya sami lambar Nobel ta 1914, kuma da ita ake nuna wa masu koyon tuƙin jirgi cewa jikinsu na iya yi musu ƙarya. Abin da ke kare matuƙi shi ne idonsa ya riƙa zagaya agogunan da ke gabansa ba fashi, ɗabi'ar da ake ɗaukar ɗaruruwan sa'o'i ana dasa masa. A daren nan, wanda ke gaban agogunan bai san karatunsu ba, wanda ya san karatunsu kuma yana tsaye yana hira da 'yarsa.

Hankalin babba ma guda ne

A nan ne, a ganina, masu kare jami'in hasumiyar Niyok suka yi kuskure. Sun zuba ido ga bakin yaron, suka manta da kan uban. Mukan ɗauka muna iya kula da abubuwa da yawa lokaci guda, amma gwaje-gwaje sun nuna hankalin mutum tsalle yake yi daga wannan zuwa wancan, kuma abin da bai sauka a kansa ba kamar babu shi ne. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane wani ɗan gajeren fim na 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan da masu fararen riguna suka yi. A tsakiyar fim ɗin wani mutum sanye da rigar goggon biri ya ratsa ta cikinsu. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam.

Masu harkar jirage sun riga sun sayi wannan darasi da tsada tun kafin gwajin. A ranar 29 ga Disamba, 1972, jirgin kamfanin Eastern mai lamba 401 yana shirin sauka a Miami, sai wata 'yar fitila mai nuna cewa tayar gaba ta sauko ta ƙi kamawa. Duk ma'aikatan ɗakin tuƙi suka duƙufa a kanta. Ba su lura cewa na'urar tuƙin ta daina riƙe tsayin jirgin ba, kuma ƙararrawar da ta yi gargaɗi babu wanda ya ji ta. Jirgin ya yi ta saukowa sannu cikin duhu har ya faɗa fadamar Everglades, mutum 101 suka rasu. Tayar kuwa lafiyarta ƙalau, ƙwan fitilar ne kawai ya mutu. Idan ƙwan fitila zai iya sace hankalin ƙwararru haka, ina ga ɗan da mutum ya haifa, wanda yake so ya ga ya ji daɗi, ya kuma burge abokan aikinsa? Saboda haɗurra irin waɗannan ne FAA ta kafa doka a 1981 cewa muddin jirgin fasinja na tafiya a titinsa, ko yana tashi, ko yana sauka, ko yana ƙasa da ƙafa 10,000, wato kimanin mita 3,000, to babu hira a ɗakin tuƙi, babu cin abinci, sai maganar aiki.

Shi ma jami'in hasumiya, furta izinin tashi shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. Babban aikin shi ne riƙe hoton filin gaba ɗaya a ka: wane jirgi ne ke kan wane titi, wane ne ke saukowa da gudun da ya kai mita 70 a daƙiƙa guda, wace mota ce ke tsallakawa, sa'annan ya kasa kunne ya ji ko matuƙin ya maimaita umarnin daidai. Haɗari mafi muni a tarihin sufurin sama a ƙasa ya auku, ba a sama ba. A ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife, cikin hazo, matuƙin jirgin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali jirgin Pan Am na kan titin, maganganu biyu kuma suka haɗu a rediyo suka zama ƙara. Mutum 583 suka mutu. Uban da ke raɗa wa ɗansa kalma yana jiran ya maimaita ya ƙara mataki guda tsakanin idonsa da kunnen matuƙi, ya kuma raba hankalinsa biyu. Kwatanta shi da mai horar da sabon jami'i bai yi ba, domin shi ɗalibin hasumiya ya yi watanni yana karatu da gwaji, ya san ma'anar abin da yake faɗa, saboda haka ido biyu ne ke kan fili. Da yaro kuwa ido ɗaya ne, shi ma rabinsa na kan yaron.

Ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba

Yanzu kuma ga shi kansa yaron. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke da alhakin tsara aiki, da auna abin da zai biyo baya, da danne zuciya idan ta ce a yi abin da bai kamata ba. Shi ne kuma na ƙarshen nuna. A 1979 Peter Huttenlocher na Jami'ar Shikago ya ƙirga mahaɗan ƙwayoyin jijiya a wannan sashe, ya gano sun fi yawa a ƙuruciya, sa'annan jiki ya riƙa sassabe waɗanda ba a amfani da su, kamar yadda manomi ke cire dawar da ta yi cinkoso don sauran ta yi ƙarfi. A 1999 kuma Jay Giedd da abokan aikinsa a Amurka suka buga sakamakon hotunan ƙwaƙwalwar yara da suka riƙa ɗauka da na'urar MRI shekara bayan shekara, aka ga wannan gyara na ci gaba har cikin samartaka. Tare da shi jijiyoyin na ƙara samun wani rufi na kitse, mai kama da robar da ke jikin wayar lantarki, wanda ke sa saƙo ya yi sauri. Aikin ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20.

Kada ɗalibanmu na sakandare su ɗauki wannan a matsayin raini. Binciken Laurence Steinberg na Jami'ar Temple ya nuna cewa ɗan shekara 16, idan yana zaune cikin natsuwa, yana iya tunani da kafa hujja kusan daidai da babba. Inda bambancin ke fitowa shi ne lokacin zumuɗi, ko tsoro, ko idon jama'a. A wani gwaji da aka buga a 2005, Steinberg da Margo Gardner suka sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda mutum zai zaɓi ya tsaya ko ya wuce idan fitilar hanya ta nuna ruwan ɗorawa. Da aka sa abokansu suna kallo, matasa suka ƙara ganganci ƙwarai, manya kuwa kusan ba su sake ba. To, aikin jirgi sa'o'i ne na abin da kowa zai iya, sai kuma daƙiƙu kaɗan na tashin hankali, kuma domin daƙiƙun nan ne ake horar da mutum ake biyansa albashi. Yaro yana iya na farkon har ya ba da sha'awa, wannan kuwa shi ke ruɗin iyaye.

Akwai kuma abin da kasancewar yaro ke sa manya su yi. A watan Afrilu na 1996 wata yarinya 'yar shekara 7, Jessica Dubroff, ta tashi daga Kalifoniya a wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna tare da mahaifinta da malamin tuƙinta, da nufin ta zama mafi ƙanƙantar wadda ta ratsa Amurka a jirgi. 'Yan jarida na jiransu a kowane zango. Ranar 11 ga wata suka tashi daga garin Cheyenne cikin ruwan sama da iska, jirgin ya ɗauki kaya fiye da ƙimarsa, ga garin a kan tudu inda iska ba ta da kauri. Jim kaɗan bayan tashi ya faɗo, su ukun suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ɗora laifin a kan shawarar malamin ta tashi a wannan yanayi, ta kuma ambaci matsin cika alkawarin da aka yi wa kafofin watsa labarai. Kafin shekarar ta ƙare aka kafa doka a Amurka da ta hana duk wanda ba shi da lasisin tuƙi riƙe sitiyarin jirgi da nufin kafa tarihi ko yin gasa.

Ina ne gindin zugazugin?

Hukuncina shi ne, bai dace a sa yaro a kujerar matuƙin jirgin fasinja ko a bakin rediyon hasumiya ba, ko da na minti ɗaya ne, ko da ubansa na tsaye a kansa. Idan ɗan maƙeri ya yi kuskure fartanya ce ta lalace, a mayar da ita wuta. Fasinjojin jirgi kuwa babu wanda ya nemi yardarsu kafin a yi koyo da rayukansu. Cewa an yi an kwana lafiya a Niyok ba hujja ba ce, domin ita ma yarinyar da ta fara zama a kujerar jirgin Aeroflot lafiya ta sauka.

Amma dokar 1996 ɗin nan ba ta hana yaro hawa ƙaramin jirgi tare da malami ya taɓa sitiyari don koyo ba, kuma daidai ne da ba ta hana ba. Masu jirage ma suna da nasu gindin zugazugin. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera wani akwati mai kama da ɗakin tuƙi wanda ke karkata yana juyawa alhali yana kafe a ƙasa. Da yake mahaifinsa masana'antar kayan kiɗa gare shi, da zugazugan molon coci ya motsa akwatin. Jikokin wannan akwati su ne na'urorin kwaikwayon tuƙi na yau, inda ɗalibi zai faɗo da jirgi sau goma kafin azahar ya tashi ya je ya ci abinci. Haka nan a Amurka akwai shirin Young Eagles da aka fara a 1992, wanda ya ɗauki yara 'yan shekara 8 zuwa 17 fiye da miliyan 2 a ƙananan jirage, da rana, cikin yanayi mai kyau, da yardar iyayensu, tare da matuƙin da ya shirya tafiyar musamman dominsu.

Matakan shekaru kuwa a rubuce suke. A Amurka ɗan shekara 14 na iya tashi shi kaɗai a jirgin nan marar inji da ke shawagi da iska, ɗan 16 a ƙaramin jirgi mai inji. Ƙa'idojin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, waɗanda Nijeriya da Nijar ke cikin masu bin su, sun sa shekara 17 ga lasisin tuƙa jirgin kai, 18 ga na haya, 21 ga lasisin shugabantar babban jirgin fasinja, 21 kuma ga jami'in hasumiya. Ɗalibin da ke da wannan buri a ƙasar nan ba sai ya tsallaka teku ba, domin Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da jami'an hasumiya da injiniyoyi. Abin da za ta fara nema a wurinsa shi ne sakamako mai kyau a lissafi da fiziks da Ingilishi, sa'annan likita ya duba idonsa da kunnensa.